Da Don Camillo Zai Zo Kebbe

A 1948 wani ɗan jaridar Italiya, Giovannino Guareschi, ya fitar da littafin raha a kan mutum biyu da zama ya haɗa a wani ƙauye na bakin kogin Po. Ɗaya limamin cocin Katolika ne, Don Camillo, ƙato mai saurin hannu. Ɗayan Peppone, makanike, shugaban gari, ɗan kwaminis na a-mutu. Rigimar lokacin ba ta wasa ba ce, don a 1949 fadar Paparoma ta yanke hukuncin cewa ɗan Katolikan da ya rungumi aƙidar gurguzu ya fita daga coci. To amma da matar Peppone ta haihu, ina aka nufa da jariri? Coci. Wane suna uban ya zaɓa? Lenin. Liman ya ce ba dai a cocinsa ba. Suka naushi juna har suka gaji, daga ƙarshe yaro ya tashi da suna mai ɗauke da Lenin ɗin da Camillo ɗin gaba ɗaya. Garin Brescello, inda aka ɗauki fim ɗin labarin da ya fito a 1952, yau mutum-mutumin su biyun na tsaye a dandalinsa, baƙi na zuwa ɗaukar hoto. Faɗan ma ya zama abin neman abinci.

Mu ma mun yi namu. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, babu sunan da ba a kira 'ya'yanta da shi ba: 'yan gurguzu, marasa kunya, masu raina sarakuna, har da masu fitar da su daga Musulunci kyauta. Abin dariyar, jagoran waɗannan “kafirai”, Malam Aminu Kano, shi ne wanda ake cika gidansa da azumi don jin tafsiri, ga kuma Malam Sa'adu Zungur da ko abokan gabarsa ba su musun iliminsa. A ƙasar Sakkwato kuwa, gidan Sardauna, kafin mutum ya ce shi ɗan Sawaba ne, wato ɗan NEPU, sai ya fara tabbatar da bayansa na jure bulala. Amma ka tambaye shi a kan me ake dukansa, zai lissafa maka: haraji, jangali, aikin tilas, shari'ar son kai. Mai dukan ma ya san dalilinsa.

Yanzu fa? Faɗan yana nan da ransa, dalilin ne ya rasu, ba a ma sanar da mu jana'izarsa ba. Je majalisar mai shayi a Kebbe, ka sami 'yan uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya da ba su gaisawa saboda siyasa, ka tambaye su bambancin jam'iyyunsu. Ɗaya zai ce lema, ɗaya tsintsiya. An gama darasi.

Ga wakilinmu na da, Aminu Waziri Tambuwal: ya tafi majalisar tarayya daga mazaɓar Kebbe da Tambuwal a 2003 a ƙarƙashin ANPP, ya koma PDP, ya shiga APC a 2014, ya dawo PDP a 2018. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa yake yi, kuma ya iya ta. Wanda nake tausayi shi ne bawan Allahn da ya ƙaurace wa sunan ɗan ƙanensa a 2015 don ƙanen ɗan PDP ne, sai ya wayi gari a 2018 shi ma ɗan PDP. Ka ce an shirya ke nan? Ina! Ƙanen ya kwashe kayansa ya koma APC, don kada gabar ta lalace. Da Tambuwal ya ci zaɓen gwamna na 2019 da ratar ƙuri'a 342, in ka tara masu rantsuwa cewa su suka kawo ɗari uku da arba'in da biyun nan, filin idi ba zai ɗauke su ba.

Wajen malamai ne Don Camillo zai fi shan mamaki. Shi in ɗan kwaminis ya shigo cocinsa, sai ya naɗe hannun riga. Wasu malaman namu, ban ce duka ba, don akwai waɗanda ko goro ba su karɓa, tabarma suke shimfiɗawa. Da hantsi a yi wa mai lema addu'a, bayan la'asar mai tsintsiya, kowa kuma a sallame shi da “Allah ya zaɓa muna mafi alheri”, addu'ar da ba ta taɓa faɗuwa zaɓe ba.

“Allah gafarta Malam, ba jiya na ga an yi wa wancan addu'a ba?”

“Yaro, addu'a ba ta da jam'iyya.”

“To buhun shinkafar fa?”

“Shi ma hakanan.”

Ɗan takara kuma ba a bar shi a baya ba. Wata uku kafin zaɓe carbinsa ya fi na liman tsawo, sahun farko nasa ne, har ya yi alƙawarin yi wa masallaci dabe da sabuwar lasifika. Peppone na zagin coci da rana, ya lallaɓa ciki da dare ba wanda ya gani. Namu yakan shiga masallaci da rana da mai ɗaukar hoto a bayansa, bayan rantsarwa kuma sai ku gaisa da baƙin gilashin mota.

Manyan nan da kuke fasa wa juna kai dominsu, ranar Asabar za su haɗu a ɗaurin aure a Sakkwato, wannan ya zama waliyyi, wancan wakilin ango, a ci nama a yi hoto. Kai da ko katin gayyata ba a aiko maka ba, tashi ka je gidan ƙanenka ka yi masa barka kafin a fara liƙa hotunan zaɓe mai zuwa. Ka tafi masa da garmarsa da ka aro tun 2014.