Ranar Da Na Ƴanta Bayi

A 2020 masu manhajar MySQL suka yi sallama da kalmomi biyu. Kwamfutar da ake zuba bayanai a cikinta ta daina zama "ubangida", mai kwafa daga gare ta ta daina zama "bawa". Daga ranar sai "tushe" da "kwafi". Ni da ke riƙe da rumbun bayanan wata ƙungiyar dukawa a unguwar Birni ta Damagaram, can bayan fada, na ce ai wannan gyara namu ne. Damagaram ta ga cinikin bayi zamanin Sarki Tanimun, kuma sai a 2003 dokar Nijar ta tanadi hukunci kan bauta.

Littafin jagorar da na rubuta wa magatakarda shafi arba'in ne, ƙiwa ta hana ni bin sa layi-layi. Na umarci kwamfuta duk inda ta ga "bawa" ta sa "kwafi". Ashe umarnin ya haɗa har da rajistar membobi. Na danna, na tafi shan shayi ina taƙama na ƴanta bayi.

Ranar rabon kati sai ga wani dattijo, hannu duk jan rini, yana kaɗa nasa a gaban hancina.

"Ɗana, wa ya sake raɗa mini suna?"

"Lafiya, Baba?"

"Shekara saba'in ina Bawa, da ragon sunana, yau ka mai da ni Kwafi?"

Bayansa wasu Kwafi shida sun yi layi. Na buɗe littafin jagora, sai ga umarni: "A kwafi shugaba rasit."

"Baba, yi haƙuri, akwai ajiya a kwamfutarmu ta Zango."

Na haye kabu-kabu ina gumi. Ko da na kunna ta, ita ma Kwafi ne birjik. Aikinta ke nan: abin da tushe ya rubuta, daidai ko kuskure, kafin ƙiftawar ido ta ɗauka. Suna kawai na sauya mata, biyayya tana nan daram.

Kwana uku na yi ina gyara daga tsohon littafin rajista mai warin fata. Baba ya samu sunansa. Nawa ne ya tafi: daga ƙofar fada har kasuwa, "Malam Kwafi" yara ke kira na, ba rago, ba goro.