Allah Ya Saka wa Kamfanin Layinmu

Mutanenmu ba su da godiya. Kullum sai ka ji ana tsine wa kamfanonin waya, wai sabis ya ɗauke, wai data ta ƙare ba a san inda ta shiga ba. Ni kam yabo na zo yi, domin tun da aka kawo wayar salula ƙasar nan a 2001 ban ga malamin da ya koya wa Bahaushe haƙuri kamar kamfanin da nake riƙe da layinsa ba. Abin da wa'azin shekara bai yi ba, kira ɗaya zuwa lambar kai ƙorafi, 300, zai yi shi.

Kana danna lambar, wata murya mai zaƙi za ta tarbe ka: danna kaza don Turanci, danna kaza don Hausa. Ka zaɓi Hausa, ta jero maka garaɓasar da ba ka tambaya ba, sannan ta mayar da kai farko, don ta san da tilawa karatu ke zama. In kana da rabon jin muryar ɗan'adam, sai a sa maka kiɗa kyauta, ana katse shi jefi-jefi a tabbatar maka kiranka na da muhimmanci. Tsakani da Allah, wa ya taɓa gaya maka haka a gidanku?

Sai caji ya kusa ƙarewa za ka ji wata baiwar Allah, ga ladabi kamar amarya a gaban surukai. "Ranka ya daɗe, ka gwada kashe wayar ka kunna?" Ka ce ka yi. "To cire layin ka goge, ka mayar." Ka ce ai unguwar ce gaba ɗaya babu sabis, har mai POS na bakin titi ya naɗe lemarsa, ga masu cefane sun yi cirko-cirko suna jiran alat. Ta duba kwamfuta, ta yi maka albishir cewa a wajensu komai lafiya lau. Ashe unguwar ce ke ƙarya! Duk da haka za a duba maka cikin awa 24, kuma awa 24 irin tasu albarka gare ta, ba ta ƙarewa. Kana ajiye waya saƙo zai shigo, a nemi ka ba hidimar maki. Shi wannan saƙon, ikon Allah, bai taɓa rasa sabis ba.

Haka ma cire kuɗi. Ko a ƙasan rijiya kake, za a sabunta maka waƙar kiran da ba ka taɓa nema ba. Datar wata kuwa sai ta yi sallama tun kafin sati ya zagayo, don kada ka lalace da kallon TikTok. In ka yi magana a ce wayarka ce ke sha a ɓoye.

Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, saboda tsadar dizal da dala, wasu suka yi ta kumfar baki. Ni na ga arahar ma ta yi yawa. A Maris ɗin 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, duniya ta ɗauka. Mu a unguwarmu ko a jikinmu, don ba mu ga wani bambanci ba. Kamfaninmu ya daɗe da horar da mu.

Ga motsa jiki kyauta: dattijo da furfurarsa yana hawa tsani, hannu a sama, yana farautar sanda ɗaya ta sabis. Maƙwabcina, wani marar godiya, ya ji an ce tun 2013 mutum na iya sauya kamfani da lambarsa, ya tattara ya koma wani. Yanzu kullum bayan la'asar tare muke tsayuwa a kan kwanar masallaci, shi da sabon kamfaninsa, ni da tsohon nawa, kowa ya ɗaga waya sama.