Zoɓon Gwaggo

Har yanzu idan na rufe ido sai in ga jan nan yana zuba. Ranar Talatar da ta wuce abin ya faru, azumi na 12, kuma tun daga ranar ban sake bi ta layin Gwaggo ba. Ta bayan maƙabarta nake zagayawa, can ya fi min kwanciyar hankali.

Sana'ata zanen talla a kwamfuta: katin ɗaurin aure, kalandar 'yan siyasa, takardar da ake manna wa robar man shafawa. A Oktoban bara wani mai shagon alewa a Amurka ya ba ni aiki ta intanet, fostar bikinsu na Halloween da suke yi daren 31 ga wata. Kusan tashe ne, sai dai su yaransu shigar fatalwa da mayu suke yi, su bi gida-gida ana ba su alewa, a fafe kabewa a yi mata idanu da haƙora a kunna kyandir a ciki. Tallar wannan lokaci ba ta yiwuwa sai da baƙi da ruwan lemo da haruffa masu tayar da tsigar jiki. Akwai Chiller, mai zuwa tare da Microsoft Office, kamar an karce bango da ƙusa. Akwai Creepster da Nosifer a Google Fonts. Shafin dafont kuwa sashe guda ya ware wa bikin. A can na sauke wani salo kyauta, mai kauri, kowane harafi yana ɗiga daga ƙasa. Mutumin ya biya da dala, ya kuma yaba. Yabon nan ne ya kai ni ya baro.

Da azumi ya kama cikin zafin nan na Kano, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta sayi firiza ta fara zoɓo, mai citta da kanumfari. Ta ce, “Ɗan nan, ka yi min abin da mai wucewa zai gani ya ji ƙishirwarsa ta ninku.” Nan take ɗigon nan ya faɗo min a rai. Na ce ai wannan nason gorar da aka ciro daga ƙanƙara ne. Na zuba masa ja mai duhu, kalar zoɓo sak, na sa baƙi a baya don jan ya fito. Kalma uku kawai: ZOƁO MAI ƘANƘARA. Hatta lambar waya da shi na rubuta, alhali ko ɗan koyo ya san irin wannan salo kan magana kaɗai ake yi da shi.

Abu ɗaya na tsallake. Kafin a kai aikin CorelDRAW wurin bugawa ana danna Ctrl+Q, rubutu ya koma zane, kada kwamfutar wani ta taɓa shi. Ni kuwa na kwafi aikin da fayil ɗin haruffan a filas, na ba yaro ya kai, na kwanta barcin azumi. Wanda ya zana salon, haruffan Turanci 26 ya zana ya tashi. Bai san da ɓ da ɗ da ƙ a duniya ba. Kwamfutata ta rufa min asiri ta aro su daga wani salon. Ta masu bugawa ba ta da wannan kara.

Bayan la'asar aka kawo fileks a naɗe, ƙafa 10 a kan 4. Layin ya cika, lokacin masu ƙosai da kunu ne. Gwaggo ta fito da sabon mayafi, kishiyarta na bayanta. Yara biyu suka hau benci, kowa ya kama gefe, ni kuma na ja baya na harɗe hannu, don in ga fuskokin mutane da kyau.

Suka saki.

A allon kwamfuta ɗigon bai kai ƙwayar gero ba. A jikin bango kowane ɗigo ya kai tsawon hannuna, ja wur a kan baƙi ƙirin, kamar kwata da safiyar Babbar Sallah. Inda Ɓ da Ƙ biyu za su zauna kuwa, wasu dogayen akwatuna uku ne a tsaye, babu komai a cikinsu. Mai ƙosai ta tsaya da matsami a sama, mai yana tsiyaya. Wani mai babur ya rage gudu, ya duba, ya ƙara wuta. Sai wata 'yar firamare ta fara karantawa da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, yadda malama ta koya mata:

“Zo... o... mai... an... ara.”

Ba wanda ya ce uffan. Ta ɗauka ba a ji ba, ta sake. “Zo. O. Mai. An ara.” Wannan “zo” ɗin ne ke dawo min cikin dare. Harafi biyu, jini na zuba daga jikinsu, suna kiran mai azumi ya matso. Gwaggo ta kalli bango, ta kalle ni, ta sake kallon bango, ta ce, “Innalillahi.” Kishiyarta ta sa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Ni dai hannuna na nan a harɗe, na rasa yadda ake kwance shi.

A nan Baba mai gyaran rediyo ya taso daga shagonsa, ya gyara tabarau, ya tako har gindin fileks ɗin kamar likita ya zo duba gawa.

“Yaro, me aka ara? Jinin?”

Na ce, “Baba, ƙanƙara ce, haruffa ne suka faɗi.”

“To waɗannan ramukan uku fa? Na waɗanda suka riga suka sha ne?”

Na fara yi masa bayanin Ctrl+Q. Ya ɗaga min hannu. Ya ce shi shekara 40 yana gyara, bai taɓa yar da rediyo ba, komai yana da dabara. A juya shi, ƙasa ta koma sama, ɗigon ya daina zuba. Yaran suka juya. Ɗigon ya miƙe sama ya zama harsunan wuta. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, “A'a, mayar da shi. Gara jini da Jahannama.”

Aka mayar. Ya sake nazari, yana shafa gemu. Can fuskarsa ta washe.

“Abu mai sauƙi. Akwai fili a ƙasa. Ka ƙara layi ɗaya: BA JINI BA NE.”

Na ce, “Baba, ai wannan zai ƙara...”

“Kuma da irin wannan rubutun za ka yi, kada hannu ya bambanta, mutane su ce wani ne ya ƙara daga baya.”

Har da lambar waya ya duba min. Ya ce 1 da 7 duk sun narke sun zama abu guda, amma kada in damu, babu mai kira.

Gwaggo ta koma kwalinta na da, wanda jikanta ya rubuta da gawayi. Fileks ɗin yana bayan gidanmu, an rufe akurkin kaji da shi saboda rana. Yau kwana huɗu ba su yi ƙwai ba.