Jagoran Saurayin Dakoro: Karatun Fuska Kafin Buɗe Baki

Zance, wato ziyarar da saurayi ke kai wa budurwa a ƙofar gidansu da sanin magabatanta, fage ne da jiki ke riga baki magana, domin kafin a gama gaisuwa tsayuwa da kallo da murmushi sun isar da rabin saƙon, kuma dalilin ke nan da Hausawa ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Saurayin Dakoro ya fi takwarorinsa na Maradi da Kano sa'ar koyon wannan ilimi, saboda garinsa, mai nisan kimanin kilomita 120 arewa da Maradi, yana kan iyakar ƙasar noma da ta kiwo, inda Bahaushe da Bafulatani da Buzu ke cin kasuwa ɗaya, kowa da tasa hanyar nuna so.

Darasin farko yana wurin Woɗaɓe, Fulanin daji da ke kiwo a kwarin Tarka da wajejen Bermo da Gadabeji. A ƙarshen damina sukan yi Gerewol, taron da samari ke shafe fuska da jar ƙasa, su zizara kwalli, su baƙanta leɓe, su kafa gashin jimina a ka, sannan su jeru kafaɗa da kafaɗa suna ɗage-ɗage a kan yatsun ƙafa, suna zare ido da yaƙe haƙora tsawon sa'o'i a cikin rana domin su nuna tsawo da farin ido da farin haƙori da juriya. Alƙalan gasar ƴan mata ne, kuma wadda za ta yi zaɓe takan taho a hankali, kai a sunkuye, ta yi nuni da hannu ga wanda ya kwanta mata a rai ba tare da ta ce uffan ba. Ba a shawartar saurayin cikin gari da ya je ƙofar gidan surukai yana zare ido, domin abin da za a kira masa shi ne mai ruƙiyya. Abin ɗauka a nan shi ne namiji ke baje koli, mace ke taya.

Masana halittu sun daɗe da lura da wannan tsari. A shekarar 1871 Charles Darwin na Ingila ya bayyana abin da ya kira zaɓin jinsi, wato yadda fifikon da mata ke yi wa wasu siffofi yake sa siffofin su yaɗu a zuriya, ya kuma kafa hujja da jelar ɗawisu, wadda nauyi ce ga mai ita amma abin sha'awa ce ga macen. A 1972 Robert Trivers ya ƙara da cewa ɓangaren da ya fi ɗaukar wahalar haihuwa shi ya fi tsantseni wajen zaɓe, kuma wadda ke fuskantar ciki na wata 9 da shayarwar kusan shekara 2 tana da cikakken dalilin yin nazari. Saboda haka jan aji, wato jinkirin da budurwa ke yi da gangan kafin ta ba da fuska, bincike ne, kuma wajibi ne a ba mai bincike lokacinta. Monica Moore ta Amurka, wadda ta yi nazarin mata sama da 200 a wuraren taruwa, ta wallafa a 1985 jerin alamomi 52 da mace ke yi domin ba da izinin a kusance ta. Ya kamata saurayin da ke cika baki a fada, wato majalisar shayin samari, cewa shi ya tsara wance, ya yi la'akari da yiwuwar cewa tun ranar kasuwa aka zaɓe shi da wutsiyar ido, shi kuwa yana can yana cinikin takalmi.

Game da shiri, ƙa'idar da Amotz Zahavi ya gabatar a 1975 ta wadatar: alamar da ake gaskatawa ita ce mai tsadar da maƙaryaci ba zai iya biya ba. Babur ɗin aro ba ya cikin wannan rukuni, musamman a garin da kowa ya san mai shi, kuma ba mamaki mai shi ya aiko a karɓa ana tsakiyar hira. Turare kuwa a shafa gwargwadon abin da wadda ke kan tabarma za ta ji, ba wanda zai sanar da unguwa tun daga bakin tasha ba. Wanka da asuwaki da wankakkiyar riga ba su da madadi. Abin da ba ya aruwa shi ne kanta a tafin hannun wanda ya yi noman gero, da sana'ar da aka san mutum da ita, da shaidar da maƙwabta ke yi masa. Binciken David Buss na 1989, wanda ya tambayi mutane sama da 10,000 a al'ummomi 37, har da Najeriya, ya nuna cewa maza da mata duka sun sa kirki da hankali a gaban kyau da dukiya.

Idan an isa, sai a samu yaro a aika da cewa ana sallama da wance, kuma hikima ce a riƙe ƴan alewa a aljihu, domin ƙanen budurwa shi ne jami'in da kowane saƙo ke bi ta hannunsa, yana iya gaggauta shi, yana iya mantawa da shi a wurin wasa. Amsar da zai kawo ita ce alama ta farko. «Yaya ta ce tana zuwa» albishir ne ko da zuwan zai ɗauki rabin sa'a, tunda kwalliya ake yi. «Wai ta yi barci» tun ba a yi sallar isha'i ba kuwa, alhali ana jiyo dariyarta daga tsakar gida, magana ce da ba ta bukatar tafinta.

In ta fito, a duba gira kafin a duba tabarma, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Irenäus Eibl-Eibesfeldt na Ostiriya, wanda ya ɗauki hotunan mutane a nahiyoyi daban-daban da kyamara mai kallon gefe don kada su tsargu, ya gano cewa mutum kan ɗaga gira na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba idan ya ga wanda yake maraba da shi, ya kuma ga salo guda yana maimaituwa a wurare masu nisa da juna: kallo, murmushi, sunkuyar da kai, kau da fuska, sannan a sake satar kallo. Wannan ita ce kunyar da Bahaushe ya sani, kuma sirrinta yana cikin dawowar kallon. Fari da ido, da wasa da gefen mayafi, da zanen ƙasa da yatsan ƙafa, da sassauta murya, duk ƴan rakiya ne. Murmushin gaskiya, kamar yadda likitan Faransa Duchenne ya nuna a 1862, yana motsa naman da ke kewaye da ido, na ladabi kuwa a leɓe yake tsayawa.

Inda samari suka fi faɗuwa shi ne karatun ƙi. Martie Haselton da Buss sun nuna a shekarar 2000 cewa maza na yawan ɗaukar fara'a a matsayin so, don haka duk lissafin da saurayi ya yi a kan hanyar komawa gida, ya dace ya rage masa wani kaso kafin ya kai rahoto fada. Tsayuwa a bakin zaure ba tare da zama ba, da amsa kowace tambaya da «lafiya lau», da hamma, da duba salula, da tsaki, ba jan aji ba ne, kuma bambancin a bayyane yake: mai jan aji tana jinkiri amma tana barin ƙofa, mai ƙi kuwa kallonta ba ya dawowa. Son maso wani ƙoshin wahala ne, kuma matsa wa iyaye su tilasta ta zalunci ne, balle a ƙasar da, bisa ƙiyasin shekarar 2012, kimanin kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ke shiga aure kafin shekara 18. Alamomin da aka lissafa suna da ma'ana ne kawai a wurin wadda ta mallaki hankalinta, take da ikon cewa a'a.

Abokin rakiya ya kasance mai ɗan raha, mai sanin lokacin da zai koma gefe, kuma kada ya fi mai neman iya magana. Idan mahaifinta ya ɓullo, a miƙe, a tuɓe takalmi, a durƙusa a ce «Baba, ina wuni», murya ƙasa, ido ƙasa, domin daga bayan zana akwai iyaye mata da ke nasu nazarin. Mai karatun da ya ga alamun karɓuwa sau da yawa, ya kuma ji amincewa daga bakinta, ya daina tsufar da tabarmar mutane, ya tura magabatansa da goro.