Ranar da R2-D2 Ya Gaida Surukina

Duk wanda ya kalli Star Wars, fim ɗin George Lucas na 1977, ya san R2-D2, gajeren mutum-mutumin nan fari da shuɗi mai ƙafa uku, wanda ba ya magana sai fito. Tun 1999 masoyansa suka kafa ƙungiya, suna ƙera irinsa a gareji da kuɗi masu ciwo. Na shafa aljihuna na ce abin da Bature ya yi da dala, ɗan Kano zai yi da dabara.

Durom ɗin roba na yanka ya zama gangar jiki. Na samo injin goge gilashin mota a Ƙofar Ruwa don juya kai, injina biyu na motar wasan yara don ƙafafu, batirin babur, da allon Arduino a matsayin ƙwaƙwalwa. Kan ne ya gagara. Na asali faɗinsa kusan santimita 46 ne, kuma abu ɗaya ke da wannan awo a gidanmu: kwanon silba na kayan auren uwargida, wanda take kwaɓa cincin a ciki da sallah. Na are shi. Aro ne tsakani da Allah, ramin ido kawai na huda masa.

Ranar gwaji sai ga surukina ya zo ganin jikoki. Aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, aka kawo fura. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na kunna.

Injinan ƙafafu suna kallon juna ne, don haka idan aka haɗa musu waya iri ɗaya, ɗaya gaba zai ja, ɗaya baya. Abin ya kama juyi a wuri ɗaya yana fito, yara suna tafi. Na yi wuf na sauya wayoyin hagu. Nan take ya miƙe sak, ya bi ta kan kwanon fura, ya cusa kai cikin babbar rigar Alhaji. Kan kuwa bai daina juyawa ba, sai da ya murɗe wayoyin wuyansa suka tsinke, ya faɗo ƙasa ƙwal, ya gangara har bakin madafa.

"Baban Abba, wannan ba kwanona ba ne?"

Na ce, "Kama da wane ba ta wane."

Alhaji ya matse gefen rigarsa, ya dube ni. "Malam, shi wannan abin me yake tsinanawa?"

"Yana fito, Baba."

Bai ƙara cewa uffan ba. Ni kuwa har gobe ina nan kan bakana: nawa ya fi na fim. Wancan akwai mutum a cikinsa, Kenny Baker, wadan ɗan wasa daga Ingila mai tsawon santimita 112. Nawa shi kaɗai ya gane baƙo, ya je gaisuwa.

Uwargida ta ba ni wa'adi zuwa jajibirin sallah. Jama'a, mai kwanon silba na sayarwa, marar huji, ya taimaka ya neme ni.