Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sakatar Akwatin Babur

Zuwa ga Malama Sakata, mai gadin akwatunan gefen babur.

Sakatar akwatin babur abu uku ta ƙunsa: ƙugiya mai kama bakin murfi, sifirin da ke mayar da ƙugiyar mazauninta, da ɗan makullin da ke hana a ɗaga hannunta. Aikinta ɗaya tak, riƙe murfi. Ƙorafin masu babura shi ne wannan ɗayan ma sai Malama ta ga dama. 'Yan uwanta na baburan Harley-Davidson a Amurka, tun samfurin 2014 da hannu ɗaya ake buɗe su. Ita kuwa ba ta jiran hannun kowa, da an faɗa rami sai ta wangale.

Sau da yawa laifin na girgiza ne. Rurin inji da gargada suna kwance sukurorin da ke riƙe da ita a hankali, har ƙugiya ta goce daga inda take kamawa. Saboda haka ana sanar da Malama cewa ba za a sallame ta nan take ba. Za a sassauta sukurorin, a rufe murfi ƙugiya ta zauna daidai, sannan a ɗaure. Kowane sukuru a ɗiga masa maganin hana kwancewa irin su Loctite, amma shuɗi, kuma kada ya taɓa robar domin yana iya tsaga ta; jan sai an gasa shi da wuta yake saki, akwatin kuma roba ne. Ɗaurin ma da hankali, domin mai ƙarfin hannu shi ke tsaga robar a bakin ramin sukurun. In ta riga ta tsage, a huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a sa falle na ƙarfe ko washa mai faɗi daga ciki.

Batun ƙurar hunturu kuma, an hana ɗura wa Malama baƙin mai, ko da ta yi kuka. Mai yana kama ƙura su zama taɓo a cikin makulli. Bakin fensir ya isa: a goga shi a haƙoran ɗan makulli, a zura a zare sau da dama. Sifirin da ya karye ko ya yi tsatsa ba ya gyaruwa, sai sabo.

Adalci dai a faɗa: akwatin da aka yi don rigar ruwa da sifana, wasu har kwanon shinkafa da galan ɗin mai suke cusa masa, su hau murfin da gwiwa. Wannan ba laifin Malama ba ne.

Bayan gyara za a maƙale takarda a bakin murfi a rufe. In ta zare ba gardama, kamun bai yi ba, a sake saiti. In an sake har yanzu Malama ta ƙi, za a miƙa muƙaminta ga tsohon tub ɗin taya, wanda aka yanka siri-siri yana jira a ƙarƙashin sirdi.