Tsoho mai gemun auduga

Masu wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, sun daɗe suna kuka da mutum guda: wanda zai zaɓi zama ɓarawo a cikin labarin, ya yashe jakar abokan tafiyarsa, in an yi magana ya ce ai halin ɓarawo ke nan, shi ba ruwansa. Yaran unguwar Runjin Sambo sun san wannan bawan Allah tun a wasan tashe.

Azumi na kai goma za a liƙa wa yaro gemun auduga, a cusa masa tsumma a baya ya yi doro, a miƙa masa sanda. Tsufan ya karɓe shi, har matan gida na ƙara masa naira hamsin. Rigimar sai an zauna rabon kuɗi kusa da mai shayi. Kowa ya goge tokar fuskarsa, shi gemunsa na nan daram.

"Kai, miƙo gwangwanin mana!"

"Haba jikokina, yaushe yaro ya fara riga kakansa sa hannu a akushi?"

Ya ɗebi kashi biyu, ya nemi na goro. Da suka taso masa, tsohon da ya raba dare yana dogara sanda shi ya riga kowa isa bakin titi.